Abin da Kiev da Khartum suka koya mini game da ruwan famfo

Aikina kula da injinan turo ruwa ne a wata ma'aikatar ruwan sha. Da na koma karatun digiri na biyu a fannin lantarki, malamin da ke duba aikina ya ba ni bincike a kan abin da ke samun gari idan wuta ta ɗauke kwana da kwanaki, ya ce in nemi misalai a inda ake yaƙi, don a can ne abin ke fitowa fili. Ta haka na shiga bin labarin Yukren da Sudan da idon ma'aikaci.

Mai sauraron rediyo yakan ji cewa makami mai linzami ya faɗa gari kaza, mutum kaza sun mutu, sai a wuce labari na gaba. Ni abin da na gane shi ne, ɓarna mafi girma takan fara ne bayan ƙura ta lafa, kuma daga tashar rarraba wuta take farawa.

Ranar 10 ga Oktoba 2022 Rasha ta fara luguden wuta a kan tashoshin lantarkin Yukren, ana dab da shiga hunturu. Ranar 31 ga watan, magajin garin Kiev, Vitali Klitschko, ya sanar cewa kashi 80 cikin ɗari na mazauna birnin ba su da ruwa. Ba bututu aka fasa ba, injinan turo ruwa ne suka rasa wuta. Ranar 23 ga Nuwamba kuwa duhu ya rufe kusan ƙasar baki ɗaya, tashoshin nukiliya suka katse daga layin ƙasa, har maƙwabciyarsu Moldoba ta shiga duhu. A birnin da mutane ke zaune a bene hawa ashirin, kuma ruwan zafin da ke ɗumama ɗaki injin ne ke tura shi, ɗaukewar wuta na nufin babu ruwa, babu ɗumi, tsohuwa kuma ba ta iya saukowa.

Inda na fi daɗewa a binciken shi ne kan taransifoma. Ba irin ta bakin layin unguwa nake nufi ba, manyan na tashoshin kilobolt 330 da 750. Guda ɗaya nauyinta kan kai tan ɗari biyu, cike take da mai, a fili take tsaye, kowa ya san inda take. Ba a ajiye ta a kanti. Sai an ba masana'anta oda, a jira wajen shekara ko fiye, sannan a nemi hanyar da za ta ɗauki nauyinta. Abin da ke ƙona ta kuwa jirgi marar matuƙi ne ƙirar Iran, Shahed-136, wanda Rasha ke ƙerawa a ƙasarta da sunan Geran-2. Kuɗinsa dubban daloli ne 'yan gomomi, alhali makamin Patriot guda da ake kakkaɓo hari da shi ya kai miliyoyi. Wannan lissafin ya hana ni barci. Mai kai hari yana iya asarar jirage tara, na goma ya isa, buƙatarsa ta biya. Mai tsaro kuwa dole ya dace kowane dare. Shi ya sa Yukren ta koma ɗora manyan bindigogi a bayan motocin a-kori-kura, ta kuma shiga kewaye taransifomomi da buhunan yashi da katangun kankare. Aikin magina ne, ba wata fasaha mai ban mamaki ba, amma ya ceci tashoshi.

Mikolayib, a kudancin Yukren, ta koya mini wani abu dabam. A Afrilu 2022 aka lalata bututun da ke kawo mata ruwa daga kogin Dnipro. Hukuma ta koma turo ruwa mai gishiri don a samu na wanki da banɗaki, gishirin ya ci bututun ƙarfen garin. Maganin gaggawa ya haifi gyaran shekaru. Duk wanda ya taɓa sauya bututu a ƙarƙashin kwalta ya san abin da hakan ke nufi.

Sudan ce ta fi taɓa ni, wataƙila don muna da 'yan'uwa Hausawa a can tun zamanin tafiya Makka a ƙafa, wataƙila don yanayin garuruwansu irin namu ne. Yaƙin ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023. A 2025 jirage marasa matuƙa suka yi ta kai hari tashar wutar madatsar ruwa ta Marawi a arewacin ƙasar, daga 4 ga Mayu suka faɗa wa Port Sudan, rumbunan mai suka yi kwanaki suna ci da wuta. A tsakiyar watan aka buga tashoshin wuta na Omdurman, birnin da ke tsallaken kogin Nilu daga Khartum. Matatun ruwa suka tsaya, jama'a suka koma ɗiban ruwan Nilu kai tsaye. Kafin watan ya ƙare, ma'aikatar lafiya ta ba da rahoton mutuwar fiye da mutum 170 da cutar kwalara cikin mako guda, mafi yawa a jihar Khartum. Babu wanda ya sa waɗannan bayin Allah a lissafin waɗanda harin ya kashe, alhali hanyar a miƙe take: daga taransifoma zuwa injin, daga injin zuwa tulu, daga tulu zuwa cikin yaro.

Doka tana nan. Ƙarin yarjejeniyar Janeba na 1977 ya haramta kai hari kan wuraren ruwan sha na farar hula, kuma a 2024 kotun duniya ta ICC ta ba da sammacin kama manyan hafsoshin Rasha, har da Sergei Shoigu da Valery Gerasimov, kan hare-haren tashoshin lantarki. Ina ganin hakan daidai ne, sai dai sammaci ba ya cika tanki.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan. A Janairu 2021 aka tarwatsa turakun layin wuta tsakanin Damaturu da Maiduguri, birnin ya daɗe a duhu, farashin jarka a wurin 'yan garuwa ya tashi. Layinmu na ƙasa ma kilobolt 330 ne, tashoshinmu ma a fili suke.

Don haka na canza yadda nake duba wurin aikina. Da, tambayata ita ce ko injin na aiki yau. Yanzu ina tambaya awa nawa tankunan sama za su riƙe gari idan wuta ta tafi ba ta dawo ba, gas ɗin janareto na kwana nawa ne, sinadarin kulorin da alif nawa ke cikin sito, kuma wane asibiti ne ke ƙarshen bututu. Na rubuta wa shugabanninmu shawara cewa a raba ƙarfi: rijiyoyin burtsatse masu aiki da hasken rana a asibitoci da makarantu, layin wuta na biyu zuwa babbar matata, da taransifoma guda ta ajiya da za a riƙa gwadawa duk wata uku. An amince da na rijiyoyin, an fara da asibitoci biyu. Maganar taransifomar tana jiran kasafin baɗi, kuma zan sake tayar da ita a taron wata mai zuwa.