Kafin ka taɓa wayar ofis, nemo inda muryar ta ɓata

Ƙannena da ke shiga aikin haɗa intanet a ofisoshi, daga Aboabo da Asawase har zuwa benayen Adum a Kumasi, akwai ɓangaren sana'ar nan da ba a cika koyar da shi da kyau ba, wato wayar ofis mai bi ta intanet, wadda ake kira VoIP. Otal-otal, asibitoci da kamfanonin jigilar kaya da yawa sun koma kanta, kuma ranar da ta ƙi aiki kai za a nema. Saƙon imel in ya makara da daƙiƙa biyar ba wanda zai lura. Murya kuwa ko rabin daƙiƙa ta yanke, manaja zai ji a kunnensa yana tsakiyar ciniki.

Abin da ya fi ci mini lokaci da mutunci a farkon aikina shi ne saurin hannu. Da an ce waya ta lalace, sai in kashe rauta in kunna, in sauya kodek (tsarin da ke mayar da murya bayanan kwamfuta), in buɗe ƙofofi a fayawol, duk a zama ɗaya. Wani lokaci matsalar ta tafi, amma ban san abin da ya kore ta ba, sai ta dawo bayan mako ta same ni inda ta bar ni.

Ku fara riƙe wannan: kowane kira hanya biyu yake bi. SIP ita ce sallama a bakin ƙofa, RTP ita ce hirar da ake yi bayan an amsa. SIP tana bin ƙofa ta 5060, ko 5061 in an ɓoye ta da TLS, wato tsarin rufe sirrin saƙo, ita ke sa waya ta yi ƙara, a ɗauka, a ajiye. Muryar kanta RTP ke ɗauke da ita ta wasu ƙofofin UDP daban. A Asterisk da FreePBX, manhajojin sabar wayar ofis, galibi daga 10000 zuwa 20000. Saboda haka kafin ka buɗe kwamfutarka, je wurin mai amsa waya a ƙofar ofis ka tambaye ta cikin ladabi: "Anti, wayar ba ta ƙara ne sam, ko tana ƙara amma ba kwa jin juna? Ƙarfe nawa abin ya faru? Ke kika kira ko ke aka kira? Tsakanin ofis da ofis ma haka ne, ko sai kiran waje?" Ita ce ke kan wayar tun safe, ta fi kowa sanin halinta, kuma amsarta kaɗai takan rage maka rabin wahala.

Akwai wani ofis a Adum da masu kira ke jin ma'aikata, su kuma ma'aikatan ba sa jin kowa. Na ɗora laifin a kan kamfanin da ke ba su intanet, har na sa mai ofishin ya yi musu faɗa. Sai daga baya na yi abin da ya kamata in fara da shi: na sa suwici ya kwafo mini zirga-zirgar sabar wayar, na buɗe Wireshark, manhajar duba fakitin da ke wucewa, na shiga jerin kiran VoIP. A cikin saƙon INVITE, wato saƙon SIP mai fara kira, layin da ke gaya wa ɗaya ɓangaren inda zai aiko murya yana ɗauke da adireshin cikin gida mai farawa da 192.168. Mai ba da layi, wato kamfanin da ke haɗa kiran waje, yana ta aika murya zuwa adireshin da babu shi a intanet. Na rubuta adireshin waje a saitin NAT (fassarar adireshin gida zuwa na waje) na sabar, na kashe SIP ALG a rauta, murya ta dawo. Wannan SIP ALG ɗin, wanda aka yi don ya taimaka wajen gyara adireshi a cikin saƙonnin SIP, a ƙananan rautoci ɓarnarsa ta fi amfaninsa, ku riƙa duba shi da wuri. Sannan ku sani, Wireshark yana iya sake kunna muryar kiran da ba a ɓoye ba. Sirrin mutane ne, kuma Ghana tana da dokar kare bayanai tun 2012. Nemi izinin mai ofis, ka yi gwajin da kiranka, ka goge fayil ɗin in ka gama.

Wasu alamomin suna faɗin sunansu da kansu. Kiran da kullum ke yankewa a wajen daƙiƙa 32, saƙon ACK mai tabbatar da an ɗauki kira ne bai iso ba, sabar ta gaji da jira ta ajiye; nan ma NAT ko fayawol za ka bincika. Amsar SIP mai lamba 488 tana nufin ba a daidaita kan kodek ba, kuma na'urorin da aka shigo da su daga Amurka sukan zo a kan kodek ɗin ulaw alhali a ɓangarenmu alaw aka saba. Amsar 404 sau da yawa tsarin lamba ne kawai: kai ka aika 032 ta Kumasi ko 030 ta Accra da sifirinta, mai ba da layi kuma yana jiran 233 ba sifiri.

Murya mai kakkatsewa ita ce ta fi yaudara, domin kowa zai ce a ƙaro intanet. Ni ma na taɓa sa an ƙara kuɗin wata a banza. Kira ɗaya na G.711, wato ulaw ko alaw, wajen kilobit 87 a daƙiƙa yake ci, kira goma ma ba su cika megabit ɗaya ba. Abin da murya ke so shi ne ta iso a kan lokaci kuma a jere. Ƙa'idar G.114 ta hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta ce jinkirin zuwa kada ya wuce milisakan 150, kuma a wannan sana'a ana so tangal-tangal ɗin isowa ya tsaya ƙasa da milisakan 30, asarar fakiti ƙasa da kashi 1 cikin 100. In an ce maka kullum da la'asar abin ke faruwa, nemo abin da ke cika hanyar fita a lokacin. Sau da yawa kyamarorin tsaro ne ko ajiyar fayiloli ke hawa. Ware wa wayoyi VLAN nasu, wato ɓangarensu daban a suwici, ka yi wa murya alamar fifiko ta DSCP 46, ka sa rauta ta ba ta gaba. Amma alamar a cikin gidanka take da daraja, da ta fita intanet ba lallai a kula ta ba. Mai yin taro a Teams ko Zoom daga can ƙarshen Wi-Fi kuwa, ja masa kebul kawai.

Sai abin da ƙasar nan ta koya mana. Wayoyin tebur daga suwici suke shan wuta, to in ka ɗora sabar a kan UPS ka manta da suwicin, duk sanda aka ɗauke wuta kafin janareta ya tashi wayoyi za su mutu su sake rajista. Bayan dumso, wato ɗauke-ɗauken wuta, ka duba agogon sabar, domin in kwanan wata ya rikice, takardar shaidar TLS za ta ƙi karɓuwa. Kuma kowa ya tuna 14 ga Maris 2024, da igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku irin su WACS, ACE, SAT-3 da MainOne suka samu matsala. Ofishin da sabarsa ke Turai, ko kiran ɗakin da ke kusa yana iya gagara a irin wannan rana. Tun ranar haɗawa ka shirya yadda babban layi zai karkata zuwa wayar hannu.

Wanda ya fi yi mini ciwo shi ne ƙofar da na bari. Ina gwaji ranar Juma'a, na buɗe 5060 ga duniya baki ɗaya, na ƙirƙiri layin gwaji da kalmar sirri mai sauƙi, na tafi masallaci da niyyar rufewa in na dawo, na manta. Kafin Litinin ɓarayin layi sun yi ta buga ƙasashen waje a kan asusun mutumin da ya amince da ni. Akwai na'urori da ke laluben wannan ƙofa dare da rana. Kada ka buɗe ta sai ga adireshin mai ba da layi, ka toshe kiran ƙetare ga duk wanda aikinsa bai buƙata ba, ka sa fail2ban, manhajar da ke toshe masu gwada kalmar sirri, ka roƙi mai ba da layi ya sa iyakar kuɗi. Duk abin da ka sauya don gwaji, rubuta shi a littafi da lokacinsa, sauyi ɗaya sannan kiran gwaji ɗaya, kuma kada ka bar ɗakin sabar sai ka bi jerin nan ka mayar da abin da ba a buƙata yadda yake.