Ranar da na miƙa taswira na koma bayan ayari

A shekarun farko na ƙungiyarmu ta matasa masu shiga daji da hawan duwatsu, ni ne madugu uban tafiya. Taswira a hannuna, kamfas da usur a wuyana, yara na biye da sawuna. Mukan je lafiya mu dawo lafiya, iyaye su yi ta godiya. Sai wata rana na tambayi wani yaro da ya yi tafiya shida da mu ya nuna mini inda muke a taswira, ya tsaya yana jujjuya takardar. Abin ya dame ni ƙwarai, don duk tsawon lokacin nan bin baya kawai nake koya musu.

Na daɗe da sanin abin da Baden-Powell, wanda ya kafa ƙungiyar 'yan Sikawut, ya yi a 1907 a tsibirin Brownsea na Ingila. Yara kimanin 20 ya kai zango, ya kasa su rukuni huɗu, kowane rukuni ya ɗora masa yaro ɗan'uwansu a matsayin jagora. Da baki na san wannan, a aikace kuwa hannuna ya ƙi sakin taswira.

Yanzu tun mako biyu kafin fita nake ba su ita. Su za su zana hanya, su nemo inda ruwa yake, su raba kaya: wa zai ɗauki tanti, wa ke da akwatin agajin gaggawa. Lissafin lokaci kuma da ƙa'idar da William Naismith, wani mai hawan duwatsu ɗan Sikotilan, ya kafa a 1892 muke yi: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Da tafiyar babban mutum mai ƙarfi ya yi awonsa, shi ya sa nake sa su ƙara lokacin hutu da na wanda ya fi kowa nauyin ƙafa. Wannan yaron shi ke yanke saurin ayari, ko an so ko ba a so.

Tafiyar da ba na mantawa, wata yarinya 'yar shekara 16 ce ke jan mutum bakwai. A wata mararraba ta ɗauki hannun hagu, alhali dama ce hanya. Na gani. Hanyar ba ta da haɗari, ruwanmu ya isa, sai na kama bakina. Wallahi minti arba'in ɗin nan sun fi mini hawan dutsen wahala. Can ta tsaya, ta dubi rafin da ya kamata ya kasance a damanta ga shi a hagu, ta taho wurina murya ƙasa-ƙasa.

"Malam, ina jin mun saki hanya."

"To, me kika gani za a yi?"

Ta yi shiru, sannan ta tara sauran ta ce musu kuskurenta ne, za a koma mararraba. Biyu suka yi gunaguni, ba ta kula su ba.

Akwai abu ɗaya da ba na barin wa kowa shawara a kansa, wato lokacin juyawa. Tun kafin a tashi ake rubuta shi a bayan taswira, in ya cika a juya, ko da ƙololuwa na gaban hanci. A Nuwamba 1971, a duwatsun Cairngorm na Sikotilan, ɗalibai biyar da mataimakiyar jagorarsu suka rasu cikin guguwar ƙanƙara, bayan sun ci gaba da tafiya yanayi na ɓaci. Duk sabon jagora sai na zaunar da shi na ba shi wannan labari, don 'ya'yan mutane amana ne a hannunmu.

A ranar da yarinyar nan ke jan mu, ƙarfe biyu muka rubuta. Ɓatan hanya ya cinye mana fiye da awa guda, biyu ta buga saura tafiyar da ba ta wuce minti ashirin ba mu kai sama. Yaran suka dube ni, suna jiran in ce a ɗan ƙarasa. Kafin in buɗe baki ta duba agogonta, ta naɗe taswira, ta ce a juya. Wani ya ce ai laifinta ne ba za a kai ba. Ta ce ta sani, ta sa shi a gaba tare da mai nauyin ƙafar.

Bana ita ke horar da sababbin jagorori uku. A fitarmu ta ƙarshe na hango ta can bayan ayari, ta harɗe hannuwa a baya, yaron da ke gaba yana riƙe da taswira a kife, ita kuma tana cije leɓe.