Kaya goma kawai?

Yau ƙanwata ta turo min hoton allon wayarta tana ta huci, wai ta ɗora kaya goma a sabon shagonta na intanet, tana zuwa na sha ɗaya manhajar ta ce ina, ta kai iyakar da aka yanka wa sabbin masu sayarwa, sai wata mai zuwa. Ga kuɗin cinikinta na farko ma an riƙe, wai sai kaya sun isa hannun mai saye. Ta ce "Yaya wai ɓarauniya suka ɗauke ni ne?" Na yi dariya amma maganar ta tsaya min a rai, don tsakani da Allah ba su san ta ba, kuma 'yan damfara haka suke yi, su buɗe akawun yau su kwashe kuɗin mutane gobe a neme su a rasa, to sabon shiga shi ke kwana a ciki.

Ni iyakar ma ba ta dame ni ba kamar 'yan kuɗaɗen da ake zaftarewa. Etsy misali, wata kasuwar intanet, santi 20 na dalar Amurka ne duk kayan da ka ɗora na wata huɗu, ko an saya ko ba a saya ba, sannan kashi 6.5 cikin ɗari na ciniki har da kuɗin aike, Amazon a Amurka kuma ƙaramin mai sayarwa santi 99 kan kowane kaya da ya sayar, ban da kamashonsu. Ita fa da ta sa farashi ribarta kawai take hange. Ina ganin goman nan sun ishe ta wannan watan, har ta gane nawa ne nata a ciki.