Abin da zan bar wa ƙannena a sashen masu ciwon daji

Ƙarshen watan nan zan bar sashen, kuma akwai maganar da ba zan tafi da ita a ciki ba.

Kowa a cikinmu ya san ciwon daji da daskarewar jini tare suke tafiya, tun 1865 likitan Faransa Armand Trousseau ya faɗa. Amma a sashenmu kimo, wato maganin kashe ƙwayoyin ciwon daji, kaɗai ake ɗora wa wannan tsoro. Da aka fara kawo magungunan da ke zaburar da garkuwar jiki, su pembrolizumab da nivolumab, sai ido ya koma kan gudawa da ƙuraje da kumburin huhu, aka manta da ƙafa.

Wani dattijo mai ciwon dajin huhu, wanda 'ya'yansa suka sayar da gona don wannan magani, ya zo ƙarin ruwa. Na ce, "Baba, ya jikin?" Ya ce da sauƙi, sai dai ƙafar hagu ta yi masa nauyi, yana kuma haki. Na auna sha-raɓarsa, ta fi ta dama da sama da santimita 3, ga zafi, ga zuciya tana bugawa da sauri. Na tari babban likita lokacin zagaye na ce, "Ranka ya daɗe, ina tsoron gudan jini ne." A gaban ɗalibai ya ce, "Sista, ki tsaya kan ƙarin ruwanki." Wai makin Baba a ma'aunin Khorana, wanda ake auna haɗarin samun gudan jini da shi, kaɗan ne, hakin kuma kumburin huhu ne daga maganin. Ya rubuta sitiroyid, maganin kumburi, aka sallami Baba.

Ba a rufa mako ba aka dawo da shi ranga-ranga. Hoton CT ya nuna gudan jini ya toshe jijiyar huhu. Allah Ya jiƙansa da rahama.

A taron bitar rasuwar, babban likitan nan ya ce ma'aikatan jinya ba su sanar da shi ba. Aka buɗe fayil, ga rubutuna, ga awon, ga lokaci. Ba wanda ya ba ni haƙuri, aikin dare aka mayar da ni. Har yau abin yana ci mini rai.

Ma'aunin da ya dogara da shi, a 2008 aka fitar da shi, kuma a kan masu karɓar kimo aka gina shi. Binciken da aka yi a Biyena ta Ostiriya, aka wallafa a mujallar Blood a 2021, ya bi marasa lafiya 672 masu karɓar irin wannan magani: kusan kashi 13 cikin 100 sun samu gudan jini a jijiya, kuma ma'aunin Khorana bai iya tantance su ba. Masana na muhawara kan ko maganin ne sila ko ciwon kansa. Mu da ke bakin gado, wannan muhawarar ba ta hana mu ɗaga zani mu duba ƙafa.

Sauran a taƙaice. Kada gwajin D-dimer, na neman alamar gudan jini, ya ruɗe ku, yakan hau a masu ciwon daji ko ba gudan jini. Kafin allurar enoxaparin mai hana daskarewar jini a duba ƙoda da ƙwayoyin tsayar da jini. Ku faɗa wa mai jinyar gida da Hausa cewa kumburin ƙafa ɗaya ko haki na farat ɗaya ba ya jiran ranar asibiti. In babba ya ƙi saurarenku, ku nemi wani likitan a ranar, ku rubuta sunan wanda kuka faɗa wa da ƙarfe nawa.