Da Na Mayar da Firiza Gareji

Firizata irin ta akwati ce, mai murfi a sama, kuma tun da aka sayo ta take cin wuri a kicin har mutum biyu ba sa iya gilmawa. Garejin kuwa yana da kusurwa guda da babu komai a cikinta sai tsofaffin tayoyi, ga soket a bango. Abin da ya hana ni jan ta in jona a ranar shi ne wani tunani da ya faɗo mini: a kicin kullum ana kaiwa da komowa a gabanta, in ta yi shiru kunnen wani zai ji, in fitilarta ta mutu idon wani zai gani. A gareji babu mai kallonta. Tana iya mutuwa ba a ankara ba, sai wari ya ba da labari. Duk shirin da na yi daga baya, wannan ne tushensa.

Na fara da takardar da ke manne a bayanta, wadda yawancinmu ba mu taɓa karantawa ba. A ciki akwai haruffan da ke nuna irin yanayin da aka ƙera na'urar domin shi. SN na nufin daga digiri 10 zuwa 32 a ma'aunin Celsius, N daga 16 zuwa 32, ST daga 16 zuwa 38, T kuma daga 16 zuwa 43. Firizar tana ɗauke da T. Tsohon firjin da na so in haɗa su tare kuwa N ne. Sai na rataye ma'aunin zafi a bangon garejin, daidai inda zan ajiye su, ina leƙawa da tsakar rana da kuma bayan an shigo da mota. Da rana yakan haura 38, saboda rufin ba shi da silin, in kuma mota ta dawo da injinta da zafi aka rufe ƙofa, sai abin ya ƙaru. Nan take na san firjin ba shi da wurin zama a can, na bar shi cikin gida.

Dalilin da ya sa waɗannan lambobi suke da muhimmanci shi ne firji ba ya ƙirƙirar sanyi. Zafin da ke ciki yake kwasowa ya zubar a waje. In iskar wajen ita ma ta ɗauki zafi, zubarwar sai ta yi wuya, kwampreso, wato injin da ke zagaya gas a bututun firjin, ya yi ta aiki ba hutu, kuɗin wuta ya hau, shi kuma ya tsufa da wuri. Masu zama a ƙasashen sanyi matsalarsu ta ɗaya gefen ce. Firji mai ɗakin ƙanƙara a sama sau da yawa na'ura ɗaya ce ke auna zafinsa, kuma tana ɓangaren ƙasa. In garejin ya yi sanyi ƙwarai, na'urar sai ta ga babu buƙatar tayar da injin, naman da ke sama kuma ya narke ana tsakiyar hunturu. Shi ya sa ake sayar musu da ɗan hita da ake manna wa kusa da na'urar, ko kuma firjin da aka ƙera musamman domin gareji.

Batun wuta shi ya fi cin lokaci, kuma a nan ban yarda in yi gaban kaina ba, na kira mai wayarin. Da ya buɗe akwatin bireka, wato makunnan da ke yanke wuta in lodi ya yi yawa, ya bi layin, sai ga shi soket ɗin kusurwar layi ɗaya yake da fitilun garejin da soket ɗin da nake jona injin hura taya da injin huda bango. Ya ce mini, “Maigida, ranar da ka kunna injin nan daidai lokacin da firiza ke tashi, bireka za ta faɗi. Kai fitila kawai za ka gani ta mutu.” Gaskiyarsa. Firiza mai cin wat 150 a wuta mai ƙarfin bolt 230 ko amfiya ɗaya ba ta ja in tana tafiya, amma a daidai lokacin tashi kwampreso yakan ja ninkin wannan sau da dama na ɗan ƙiftawar ido. Kamar tura motar da ta mutu ne: yunƙurin farko shi ke cin ƙarfi, in ta fara gangarawa sai a samu sauƙi. Don haka muka ja mata layi nata ita kaɗai daga akwatin, da wayar da ake kira mai milimita 2.5, da bireka tata, da soket guda ɗaya tak domin kada wani ya ga rami a buɗe ya jona wani abu. Na sa ya ɗaga soket ɗin sama da ƙasa sosai, saboda ruwan wankin mota.

Ekstenshan ban ma sa shi a lissafi ba, kuma ina ba kowa shawarar ya cire shi daga ransa. Siririyar doguwar waya tana rage ƙarfin wutar da ke isa ga kwampreso a lokacin da ya fi buƙatarta, mahaɗinta yana ɗaukar zafi, a gareji kuma taya za ta taka ta, ƙafa za ta fizge ta. Wayar at, wato wadda ke kai ɓatacciyar wuta ƙasa, ita ma na tsaya a kansa har ya gwada ta da mita a gabana. Jikin firiza ƙarfe ne, daɓen gareji siminti ne da ke jiƙewa, mutum kuma yakan shiga ba takalmi.

Inda muka fi daɗewa muna magana shi ne na'urar da ke yanke wuta da zarar ta ji tana zurarewa ta inda bai kamata ba. A Ingila da sauran ƙasashen Turai RCD ake ce mata, kuma wadda ake sa wa soket tana faɗuwa a miliamfiya 30. A Amurka GFCI ce, tana faɗuwa a wajen miliamfiya 5. Dokar wayarin ta Amurka ta wajabta ta a soket ɗin gareji tun 1978, a 2008 kuma aka cire rangwamen da a da ake yi wa soket ɗin firji da firiza. Mutane da yawa suna ƙin ta, suna cewa tana faɗuwa haka kawai ta jawo asarar abinci, har wasu su cire ta. Ni ban ga hikimar hakan ba ko kaɗan. Abinci ana sake sayensa. Kuma in tana yawan faɗuwa, galibi wani abu take nunawa: danshi ya shiga soket, ko ɓera ya ci waya, ko hitar narkar da ƙanƙara ta fara lalacewa a firjin da ke da ita. Abin da muka yi shi ne muka ba layin firizar nata na'urar ita kaɗai, yadda laifin wani injin ba zai shafe ta ba, sannan na sa ƙararrawa mai batir da ke kuka in wuta ta yanke a wannan soket. Na gwada ta da ƙofa a rufe, na tabbatar ana jin ta daga falo.

Na ƙara da ƙaramar na'urar kariya da ake sa wa tsakanin fulogi da soket, mai jinkirta wuta na 'yan mintuna. In wuta ta ɗauke ta dawo nan take, gas ɗin da ke cikin bututu bai gama daidaita ba, kwampreso sai ya yi ta yunƙuri ya kasa tashi, kana jin ƙas, ƙas daga baya. Minti uku zuwa biyar sun isa ya huce.

Sai fetur, wanda shi ne abin da ya bambanta gareji da kowane ɗaki a gida. Tururinsa ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, kuma a can ƙasan ne kwampreso da makunninsa suke, inda ɗan tartsatsi ke iya fita duk lokacin tashi. Jarkar fetur da gwangwanayen fenti da tina duk na fitar da su zuwa wani wuri daban. Na kuma duba irin gas ɗin firizar, na ga R600a ne, wanda yawancin sababbi ke amfani da shi. Kaɗan ne a ciki, amma yana kama wuta, don haka ba a kankare ƙanƙara da wuƙa ko sukudireba, kuma ba a yin walda kusa da ita. Janareta kuwa ko wuta ta ɗauke ba a kunna shi cikin gareji domin a ceci firiza. Hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ji warin gubar ba.

Ranar da aka kai ta, a tsaye aka ɗauke ta, na kuma bar ta awoyi kafin in jona, domin man kwampreso ya koma mazauninsa. Na ɗora ta a kan katako mai kauri saboda ruwa da tsatsa, na daidaita ta har ta daina girgiɗi, na bar tazarar kamar santimita 10 ta kowane gefe. Wannan tazara tana da dalili. Irin wannan firiza ba ta da baƙin ragar nan a baya, bututun zubar da zafinta yana cikin bangonta ne. Ɗora tafin hannu a gefenta tana aiki, za ka ji ɗumi. Wanda ya jingina kwali ko katifa a wurin ya toshe mata numfashi ke nan, a gareji kuma kowa abin da ya rasa wurin ajiyewa nan yake jinginawa.

Ƙura ta fi yadda na zata. Da na cire ragar da ke gefen kwampreso domin shara, na tarar da yanar gizo-gizo da ƙura sun yi kauri, ga 'yan guntayen takarda da ɓera ya fara tarawa saboda ɗumin wurin. Tun daga nan sharar wurin ta zame mini jiki, ina cire fulogi tukuna, ina kuma duba wayoyin ko akwai shaidar haƙori. Robar murfi ma zafi yana busar da ita. Gwajinta mai sauƙi ne: a sa takarda a rufe murfin a kanta a ja. In ta zare ba turjiya, iska na shiga ta nan.

A ciki na sa ma'aunin sanyi mai allo a waje, yadda zan ga lambar ba sai na buɗe ba. Digiri 18 ƙasa da sifili ake so a firiza, firji kuma kada ya wuce 4. Akwai kofin ruwa da ya daskare da kwabo a samansa a kusurwa ɗaya. In na tarar kwabon ya nutse, na san an narke an sake daskarewa a bayan idona. Inda babu kaya ina cikewa da robobin ruwa, domin firiza cikakkiya takan riƙe sanyinta kamar awa 48 in ba a buɗe ba, mai rabin kaya kamar awa 24, firji kuwa awa 4 kawai.

Abu na ƙarshe da na sa shi ne makulli, kuma ba don ɓarayi ba. Gareji wurin wasan ɓuya ne ga yara, akwati mai murfin da ke mannewa kuma iska ba ta shiga. A Amurka sai da aka yi doka a 1956 cewa dole ƙofar firji ta buɗu daga ciki, bayan yara sun yi ta mutuwa a cikin waɗanda aka yasar. Murfin firizar akwati yana da nauyi ga ƙaramin yaro ko da babu sakata. Tawa kullum a kulle take, mabuɗin yana rataye inda hannun yaro ba ya kaiwa, kuma duk wanda ke da mataccen firji a jibge a garejinsa ya kwance ƙofarsa yau.