Rana ma ta zama ta kuɗi?

Yau da la'asar ina bi ɗaki-ɗaki ina tuna wa 'yan haya kuɗin wutar sola na wannan wata, sai dattijuwar ɗakin ƙarshe ta tare ni a bakin ƙofa. Ta ɗaga kai ta dubi rufin kwano, ta ce, "Ɗana, yanzu rana ma ta zama ta kuɗi?" Na yi dariya na ce, "Mama, haske kyauta ne, amma faifan sola da inbata da batura ba kyauta ba ne." Na ƙara mata da cewa faifai kan yi shekara 25 yana aiki, su kuwa batura masu ruwa in sun kai shekara 5 sai a gode wa Allah, dole a sake sabbi, kuma kuɗin nan don wannan ranar nake tara shi. Ta gyaɗa kai. Sannan ta yaye labule ta nuna mini duk abin da take kunnawa: ƙwan lantarki ɗaya, fanka, cajar waya. Ba ta ce uffan ba, sai ta karkata haɓa wajen ƙofar maƙwabcinta, inda firiza ke gurnani dare da rana, ga dutsen guga da shi kaɗai yake jan kusan wat 1000.

Raba kuɗi daidai-wa-daida yana da sauƙi, babu karanta mita, babu gardama. Amma a gidan nan ita ce take biya wa firizar wani. Tun da na dawo nake lissafin abin da sa wa kowane ɗaki ƙaramar mitarsa zai ci.