Inda aka kwana wajen haɗa kurmi biyu a bakin rafi

'Yan'uwa masu koyon raya daji a gona, ga yadda aiki ya kai bayan wannan damina.

Gonata tana tsakanin ragowar kurmi biyu, rafi ya ratsa ta. A da kurmin ɗaya ne, noma ya raba shi. Abin da nake so shi ne zirin itatuwa a gefen rafin, domin tsuntsu da biri su ƙetara ba tare da sun fito fili ba. Guntun kurmi in ya zauna shi kaɗai, iska da rana suna busar da bakinsa, gobara tana ci kowace shekara, har ya ƙare.

Abin da ya fi ba ni sakamako shi ne kututture. Na bi hanyar sassaben zamani, wadda manoman Maraɗi suka yaɗa tun shekarun 1980 tare da Tony Rinaudo, wani masanin aikin gona ɗan Ostireliya, har ta farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a Nijar. Kututturen kanya da ɗinya da ake sarewa duk shekara suna da rai, saiwarsu ta riga ta kai ga laima. Sai ka zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi, ka cire sauran da wuƙa mai kaifi, kana yankawa daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Waɗanda na gyara haka sun bar dashen leda a baya nesa ba kusa ba.

Dashe kuwa, malmo na sa dab da ruwa, maɗaci can sama. Ɓaure na fi ji da shi. Jemagu da cilakowa suna zuwa cin 'ya'yansa, su kasayar da irin da suka ci a cikin kurmi. Ku riƙa duba gindinsa kafin ku sa fartanya, akwai tsiron da ba ku shuka ba. Shi ya sa nake dasa shi rukuni-rukuni, inuwar ta haɗu da wuri ta danne tofa.

Tofa ce babbar damuwata, don ita ke ɗaukar wuta. Kafin hunturu zan share layin kariya a ɓangarorin biyu. Na kuma zauna da makiyayan da ke shayarwa a rafin, mun ware mashaya ɗaya da za ta zauna a buɗe, sauran gaɓar zan kewaye ta da ƙaya.